Kabayid: mene ne shi, kuma yaya mai walda zai zauna da shi lafiya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni yaron shago ne, wata bakwai ke nan ina koyon gyaran jikin mota. Kullum ni ake aike in sayo kabayid, ni nake zuba shi a tukunyar da ke ba mu gas ɗin walda, ni nake kwashe farin caɓalinsa da yamma. Rannan na sa wani guntu a aljihun wando, kafin in isa shago cinyata ta ƙone har fata ta saɓule. Wai mene ne wannan dutsen, kuma yaya ya kamata a ajiye shi? Sannan yayana mai sayar da ayaba ya ce in riƙa rage masa kaɗan yana nunar da kaya da shi. In ba shi?

Amsa: Sannu ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa albarka a sana'ar. Da cinyar taka zan fara, domin abin da ya faru a aljihunka shi ne labarin kabayid gaba ɗaya. Guminka ne ya taɓa shi. Muddin yana bushe, dutse ne mai launin toka da za ka iya cinna wa ashana ya ƙi kamawa. Da zarar ya ga ruwa, ko da raɓa ce ko gumi ko laimar iskar damina, sai ya fara haifar da abu uku a lokaci guda: iskar gas mai kamawa da wuta da ake kira asitilin, zafi mai yawa, da wannan farin caɓalin da kake kwashewa, wanda ke cin fata. Biyun ƙarshe su suka haɗu a kan cinyarka. In ka riƙe wannan, sauran ƙa'idojin da zan faɗa maka kai da kanka za ka iya fito da su.

Ba haƙo shi ake yi daga ƙasa ba, dafa shi ake yi a masana'anta. Ana samun farin dutsen nan da ake yin siminti da shi, irin wanda ke Ashaka da Kalambaina da Obajana, a ƙona shi, sannan a haɗa da gasasshen gawayin kwal a zuba cikin wani murhun lantarki mai zafin da ya kai digiri 2,000. A wannan zafin sinadarin kalsiyam da ke cikin dutsen yake auren kabon da ke cikin gawayin, abin ya fito a narke, a bar shi ya huce, a farfasa. Tan ɗaya kan ci wuta kimanin yunit 3,000, ka kwatanta da abin da kuke sa wa mitar gidanku a wata. Shi ya sa ƙasashe masu wadatar lantarki da kwal ke yin sa, kuma a yau Sin ce ke samar da mafi yawan na duniya. Namu shigo da shi ake yi a cikin duro na ƙarfe da aka like bakinsu. Wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, shi ya fara haɗa shi a 1862, amma sai a 1892 aka samu hanyar yin sa da yawa, lokacin da Thomas Willson ya ci karo da ita a Amurka yana neman hanyar fitar da alminiyam, Henri Moissan kuma ya gano ta a Faransa a shekarar. Duk wannan wutar da ya sha a murhu tana nan kwance a jikinsa. Ruwa ke tashin ta.

Ga lissafin da nake so ya zauna maka a ka. Kilo ɗaya na kabayid mai kyau yana ba da asitilin kusan lita 300. Ita kuma asitilin tana iya fashewa da zarar ta kai kashi biyu da rabi cikin ɗari na iskar wuri, kuma ba ta daina zama haɗari har ta haura kashi 80. Gas ɗin girki bai kai ta wannan faɗin ba ko kusa: shi in ya yi yawa a iska sai ya ƙi kamawa, ita kuwa kusan duk yadda aka gauraya ta a shirye take. Ɗauki ɗakin ajiya mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku sama. Iskar cikinsa lita 27,000 ce. Kilo biyu da ɗan wani abu, in rufi ya yi yoyo a kansa cikin dare kuma ƙofa na kulle, ya isa ya mai da ɗakin nan abin da ke jiran tartsatsi. Da safe wani ya shigo ya danna makunnin fitila, shi ke nan. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne duron da ake cewa ya ƙare. Duro mai lita 200 gas lita biyar kacal yake buƙata, kuma garin kabayid kimanin cokali guda da ya maƙale a gindinsa ya isa ya ba da hakan. Na taɓa zuwa duba wani shago bayan irin wannan: an sayi tsohon duro za a yanka shi a yi mazubin ruwa, yaro ya ɗora wuta a kai, murfin ya huda kwanon rufi ya fita. Yaron ya rayu, amma kunnensa ɗaya bai sake ji ba. Duk duron da ya taɓa ɗaukar kabayid, a cire murfinsa gaba ɗaya a fili, a cika shi da ruwa har ya tumbatsa, a wanke, kafin wuta ko giranda ta kusance shi.

Zafin da yake fitarwa ma ba ƙarami ba ne. Kilo ɗaya zai iya kai ruwa lita biyar ga tafasa. Nan ne yara da yawa ke yin kuskure, suna ganin ruwa kaɗan shi ne taka-tsantsan. Akasin haka ne. In ka ɗiga ruwa kaɗan a kan kabayid mai yawa, babu abin da zai shanye zafin, sai dutsen ya yi zafi har ya iya kunna gas ɗin da yake fitarwa, tunda asitilin tana kamawa da kanta a wajen digiri 300 ba tare da ashana ba. Ƙa'idar tukunyar da ake jefa dutse cikin ruwa ita ce ruwa ya yi yawa, aƙalla lita takwas ga kowane kilo, kuma a sauya shi duk lokacin da za a sake zubi. Kada ka zuba sabon dutse a kan tsohon caɓali don ƙyuyar ɗebo ruwa. Garin da ke taruwa a gindin duro kuma kada ka juye shi cikin tukunya wai don kada a yi asara. Gari yana tashi gaba ɗaya a lokaci guda, zafi da gas su zo fiye da abin da tukunyar za ta iya ɗauka. In ka dafa jikin tukunya ka ji hannunka ba zai iya zama a kai ba, a dakatar da aiki, a bar ta ta huce da kanta, kada a buɗe ta da zafinta iska ta shiga.

Akwai wata ɗabi'a ta asitilin da ta bambanta ta da sauran gas, kuma ita ce ke kashe masu wayo. Ba ta son matsi. In aka danne ta har geji ya haura 15 a ma'aunin psi, tana iya tarwatsewa da kanta ko babu iska ko ɗigo a tare da ita. Ɗan zafi ko bugu ya ishe ta. Saboda haka duk wanda ka ga yana ɗora dutse ko tsohon ƙarfe a kan murfin tukunya don wuta ta ƙara ƙarfi, ko ya toshe mafitar da ke rage matsi, ko yana ƙoƙarin ɗura gas ɗin tukunya cikin tsohuwar silindar girki da kwamfireso, ka ja da baya ka kuma faɗa wa maigidanka. Silindar asitilin ta gaskiya ba fanko ba ce. Cike take da wani abu mai ƙananan ramuka kamar soso, an jiƙa shi da wani ruwa mai suna asiton, gas ɗin yana narke a ciki kamar yadda gas ke narke a lemon kwalba. Dalilin da ya sa ake tsayar da ita ke nan, kuma in an kawo ta a kwance a bayan Keke, a tsayar da ita awa ɗaya zuwa biyu kafin a buɗe, in ba haka ba asiton ne zai biyo tiyo.

Haka kuma ba ta shiri da jan ƙarfe. In ta daɗe tana bi ta cikin bututun tagulla, wani jan gari yana taruwa a ciki wanda ƙwanƙwasa kaɗan ke tayar da shi. Wannan ya shafe ku sosai, domin abin da ya fi sauƙin samu a gareji in tiyo ya tsage shi ne guntun bututun firji ko na na'urar sanyaya mota, a soka a ɗaure da waya. Kada a yi. A nemi mahaɗin ƙarfe ko wanda aka ƙera don wannan aikin. Azurfa ma haka take da ita.

Abin da ya sa duk da wannan halin ba a rabu da ita ba shi ne wutarta. In aka haɗa ta da oksijin a bakin walda, harshen yana haura digiri 3,000, babu gas ɗin da ake amfani da shi a shaguna da ya kai ta. Da shi kuke narkar da waya ku like jikin mota, da shi ake yanka ƙarfe, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta. A manyan masana'antu ana zuba kabayid cikin narkakken ƙarfe don ya tsotse farar wuta, ana yin wani irin taki da shi, a Sin kuma da asitilin ɗinsa ake yin robar bututun ruwa mai yawa. Masu aikin hanya suna da wata 'yar tukunya da suke zuba ƙasa da garin kabayid su girgiza, matsin gas ɗin ya nuna musu yawan laimar ƙasar kafin a daddale ta. Kafin tocila mai batir ta yawaita, fitilar da maharban dare da masu haƙar ma'adinai ke ɗaurawa a goshi ta kabayid ce: ruwa na ɗiga daga sama, gas na fita ta ɗan ƙaramin baki, haske fari tas. Tambayi tsohon maharbi ka sha labari. A ƙauyukan Holan har yau suna zuba shi cikin tsofaffin garewanin madara ranar jajiberin sabuwar shekara su harba murfi sama, wasan da yaranmu ke yi da gwangwanin madara. Ko can ko nan, idanu da yatsu yake ci.

Yanzu ga abin da za ka yi da hannunka. In an aike ka, tafi da gwangwani ko bokiti mai murfi da ya bushe ƙayau, ba leda ba, ba aljihu ba, kuma kada ka haɗa shi da ledar fiya-wata a kwando ɗaya. A shago a ɗora mazubin a kan katako sama da ƙasa, inda ambaliya ba ta kaiwa kuma rufi ba ya yoyo, nesa da inda tartsatsi ke sauka, a wuri mai shan iska. Asitilin ta ɗan fi iska rashin nauyi, sama take yi, don haka ɗakin ya samu mafita ta wajen rufi. Kada kowa ya kwana a ɗakin. A sayi na kwana biyu ko uku, musamman da damina. In ka ga dutsen ya fara zama farin gari da kansa, laima ta shige shi, kuɗin maigida ne ke tafiya a iska kuma gas ɗin na nan a ɗakin. Sabon duro ba a buɗe shi da kurfi da guduma, domin akwai yiwuwar gas ya taru a ciki, kuma a cikin dutsen kansa akan samu ɓarɓashin wani ƙarfe mai ba da tartsatsi. Wajen fasa manyan guntaye sa tabarau da busasshiyar safar hannu. Safar da ta jiƙe ta fi hannu tsirara muni.

Tsakanin tukunya da tiyo dole a samu abin da ke tare wuta in ta juyo baya, ko na kanti da ake ɗaurawa, ko 'yar tukunyar ruwa da gas ke kutsawa ta cikinta. Duba ruwanta kowace safiya, domin in ta bushe ado ce kawai. In kana aiki ka ji ƙara tas, sannan wani fito ya biyo baya daga cikin hannun waldar, wuta ta shige ciki: rufe oksijin tukuna, sannan asitilin, a bar hannun ya huce a duba. Yoyo kuma da ruwan sabulu ake nemansa, inda ya yi kumfa nan ne. Na san akwai masu zagaya tiyo da ashana suna cewa sun shekara ashirin suna yi. Kada ka koya. Man inji ko giris kada ya taɓa gejin oksijin, ko da na hannunka ne. Jan tiyo na asitilin ne, shuɗi ko kore na oksijin, kada a musanya.

In wuta ta kama a wajen kabayid ɗin kansa, abin da hannu zai fara kaiwa gare shi ruwa ne, kuma shi ne zai ninka ta. Busasshen yashi ake zubawa, ko abin kashe gobara mai hoda. Cika bokiti biyu da yashi ka rufe su ka ajiye a bakin ƙofa tun yau, ba sai maigida ya ce ba. Silinda ce kaɗai ake fesa wa ruwa in wuta ta gasa ta, shi ma daga nesa a bayan katanga, bayan an kori mutane an kira 'yan kwana-kwana, don tana iya fashewa bayan wutar ta mutu.

A jiki kuwa: in gari ya zubo maka, kakkaɓe shi da busasshen tsumma tukuna, cire rigar, sannan ka saki ruwa mai yawa a wurin na tsawon minti ashirin. Ruwa kaɗan zai ƙara ƙunar, mai yawa ke wanke ta. Kada a shafa man goge baki ko manja ko ɗanyen ƙwai. Ido ya fi komai gaggawa, domin irin wannan ƙunar tana ci gaba da nutsawa ciki bayan zafin ya lafa. A buɗe fatar idon da yatsa a yi ta zuba ruwa mai tsabta, a ci gaba da zubawa a hanyar asibiti, ko da mutum ya ce ya ji sauƙi. Wanda ya haɗiya, musamman yaro, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti da guntun a gwangwani likita ya gani. Ita ma cinyar taka in ta fara ruwa ko wari ko ta ƙi rufewa, je a duba ta.

Caɓalin da kake kwashewa da yamma sau da yawa akwai guntayen da ba su gama ci ba a cikinsa. Juye shi a fili cikin rami ko buɗaɗɗen mazubi, ƙara masa ruwa, bar shi ya kwana. Kada ya shiga rufaffiyar kwata, kada kuma ya shiga masai, inda gas zai taru ya jira mai sigari ko mai fitilar ƙwai. In ya gama mutuwa sarai ana iya shafe katanga da shi, injiniyoyi ma suna gwada shi wajen ƙarfafa jar ƙasar hanya, amma har a lokacin yana cin hannu, kuma ba wurin wasan yara ko kiwon kaji ba ne.

Saura maganar yayanka. Kada ka ba shi, ga kuma dalilin da za ka kai masa cikin ladabi. Ayaba da mangwaro da gwanda da tumatir suna fitar da wata iska tasu mai suna etilin, ita ke ba su umarnin nuna. Asitilin 'yar uwarta ce ta kusa, sai 'ya'yan itacen su ruɗe su ɗauka ita ce. Shi ya sa ɗan ƙulli a takarda a ƙarƙashin tamfol ke mai da kore rawaya a kwana ɗaya ko biyu. Na fahimci abin da ke tura 'yan kasuwa: ayaba ɗanya ake lodo ta daga kudu don kada ta ruɓe a hanya, ga azumi kowa na neman kayan buɗa-baki, wanda kayansa suka riga nuna shi ke cin kasuwa. Amma kabayid ɗin walda ba a tace shi don abinci ba. Wannan warin mai kama da tafarnuwa da kake ji ba na asitilin ba ne, ita kusan ba ta da wari. Na dattin da ke cikin dutsen ne, wanda ke fitar da fosfin, gubar nan da ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake ke fitarwa, tare da ɓurɓushin arsenik, wanda sananne ne wajen jawo ciwon daji in ya daɗe yana shiga jiki. Wanda ya fi kowa shaƙa shi ne yayan naka da yaran da ke ɗaga tamfol da asuba, ga ciwon kai da jiri da tari da ƙaiƙayin ido. Garin da ya taɓa ɓawo kuma yana bin hannu zuwa baki. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa haramun ne a nunar da 'ya'yan itace da shi, Indiya ma ta hana a dokarta ta 2011, ta yarda da etilin a madadinsa. Ga kuma haɗarin gobara: tamfol a rufe, gas a ciki, mai shayi na hura wuta a gefe.

Ko ta fuskar ciniki ma akwai hasara. Mangwaron da aka tsinko bai ƙosa ba, gas zai canja masa riga ne kawai, ciki ya zauna da tsami ba ƙamshi, kuma ya yi saurin lalacewa a faranti. Abin da zai yi shi ne ya sayi kayan da suka ƙosa, ya jera su a kwali ko kwandon da aka shimfiɗa wa takarda ko ganye, ya cusa nunannun ayaba kaɗan a tsakani ya rufe, a inuwa. Etilin ɗin nunannun zai ja sauran. Zai ƙara masa kwana biyu ko uku, don haka sai ya riƙa rufe kaya kashi-kashi, na jibi daban na gata daban. Manyan dillalai kuma in sun haɗa kuɗi, ɗakin nunarwa mai etilin shi ne abin da ake yi a ko'ina ake fataucin ayaba da yawa. Mai saye a gida ya wanke da ruwa sosai kafin ya yanka, ya fere ɓawo, ya kuma guji wanda ya ga farin gari ko tabon ƙuna a jikinsa. Ayabar da jikinta ya yi rawaya ɗau amma kan nonon kore shar alama ce da ke sa a yi shakka, sai dai launi kaɗai ba ya isa a tuhumi mutum.

Gobe in ka je shago, kafin ka zuba dutse, leƙa 'yar tukunyar ruwan da ke bayan babbar ka ga ko da ruwa a ciki, ka bi tiyon da hannu daga farko zuwa ƙarshe ka ga ko akwai inda aka haɗa da jan ƙarfe. In ka samu, kai wa maigidanka maganar a gefe, ba a gaban kwastoma ba.